Maki Tara Cikin Talatin



Duk wanda ya san ni tun muna sakandare ya san ni da lissafi ba ma ga maciji. Idan malamin Hausa ko na Tarihi ya shigo aji ni ce a sahun gaba, hannuna a sama tun kafin ya rufe baki, amma da na hango malamin lissafi ya doso da ƙatuwar rularsa ta katako sai cikina ya ɗuri ruwa, in zame in koma bencin baya, in buɗe littafin rubutu in ci gaba da tsara labarin soyayyar da 'yan ajinmu ke karɓa bi da bi suna karantawa. Da sakamakon WAEC ɗinmu ya fito a 1999, sauran darussa na yi abin kirki, lissafi kuwa F9 ce ɓaro-ɓaro. Ko ɗigon hawaye ban yi ba. Shekara na zagayowa aka ɗaura mini aure, karatu ya tsaya a nan, rubutu ya ci gaba. A zatona na rabu da lissafi ke nan har abada, ashe yana nan yana jira na, sai bayan shekara ashirin da biyar ya biyo ni har cikin ɗakina da tsakar dare.

Abin ya biyo ta kan 'yata ce. Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce, kun san halin alkunya. Ta shiga jami'a daf da zuwan korona, sai ga kulle makarantu a 2020 ga yajin aikin malaman jami'a na ASUU da ya ci wata tara a wannan shekarar, sannan a 2022 suka sake tafiya wani tun daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Karatun shekara huɗu ya miƙe ya doshi biyar da ɗoriya. Ƙawayenta na unguwa wasu har sun yi haihuwa biyu, dangi kuwa ba su gajiya da tambayata, wai ita wannan boko yaushe za ta ƙare. Ita dai ta kafe, burinta ta gama ta yi digiri na biyu ta zama malama.

A zangonta na ƙarshe, cikin 2024, Allah Ya jarrabe ni da rashin lafiya, aka yi mini aiki, na kwanta asibiti mako biyu. Ita ce ta yi jinyata, a kan tabarma take kwana gefen gadona. Duk lokacin da na ce mata ta tafi makaranta sai ta ce, "Umma, ba ma yin komai wannan satin." Ashe a cikin satin ne aka yi musu gwaji a wani kwas mai wuya, ba ta je ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ban san wainar da ake toyawa ba sai bayan kusan wata guda. Wani dare bayan isha'i, ba wuta, ina kishingiɗe ina gyaran wani babi a waya, sai ta shigo ta durƙusa a gabana ta fashe da kuka. Da ƙyar na samu ta yi magana.

"Umma, shi ke nan, 2.1 ta kuɓuce mini. An kafe sakamakon C.A., tara na samu cikin talatin."

Na ce, "Ke, yi mini Hausa. Mene ne kuma 2.1?"

Ta share hawaye ta yi mini bayani. Digiri hawa-hawa ne. Wanda matsakaicin makinsa, abin da suke kira C.G.P.A., ya kai 4.50 zuwa 5.00 shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, ita ce 2.1. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, wato 2.2. Ita kuwa tana kan 3.45, taku ɗaya ya rage mata ta haye, kuma wurare da dama da ke ɗaukar aiki ko ba da tallafin ƙaro karatu 2.1 suke fara tambaya kafin su dubi fuskar mutum. Da ta gaya mini dalilin da ya sa ta samu tara ɗin sai na ji kamar an soke ni a wurin ɗinkin.

Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, wata ƙawata ta ce akwai wani da ke gyara maki. Dubu tamanin yake karɓa."

To jama'a, a nan ne zan faɗi abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ni da na rubuta littattafai ina zagin masu cin hanci, ina sa jarumaina suna yi wa mutane wa'azi shafi biyu-uku, wallahi ban tsawatar mata ba. Shiru na yi. Akwai kuɗin da na tara daga masu biyan kuɗin karanta littafina a WhatsApp, na ajiye don gyaran rufin ɗakin da ke yoyo, sai na tsinci kaina ina ƙirga su a zuci. Zuciyata na raya mini cewa ai ba zalunci ba ne, yarinya ce mai ƙoƙari, saboda ni ta rasa makin, haƙƙinta kawai zan mayar mata. Har na fara tunanin yadda za a yi ba tare da Abbansu ya ji ba.

Autana, wanda yake aji biyar na sakandare a lokacin, yana kwance a bakin ƙofa muna zaton barci yake. Sai kawai muka ji ya ce, "Yaya, wai kin ma lissafa maki nawa kike nema a jarrabawar?"

Ta ce masa ya rufe mata baki. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a rai, na ce, "Ba shi amsa. Kin lissafa?" Ta girgiza kai. Kwana uku tana kuka, ba ta ci ba ta sha, amma ba ta taɓa ɗaukar biro ta duba girman ramin da ta faɗa ba. Na ce ta ɗauko duk takardun sakamakonta tun daga aji ɗaya. Auta ya kunna fitilar waya, na juya bayan wasu tsofaffin takardun littafina, muka duƙufa mu uku a kan tabarma.

Abu na farko da suka fahimtar da ni shi ne yadda tara ɗin ta samu. A makarantarsu kowane kwas maki ɗari ne, talatin na ayyukan cikin zango, saba'in na babbar jarrabawa. Shi wannan malamin ya raba talatin ɗinsa gida uku: gwaji na farko goma, na biyu goma, aikin gida goma. Na farko ba ta yi ba, sifiri ke nan. Na biyu ta ce ta ci ashirin, na ce to ashirin ai ta wuce goma. Auta ya yi dariya ya ce, "Umma, ashirin cikin hamsin ne. In aka mayar da shi cikin goma, huɗu ne." Aikin gida ta samu biyar. Huɗu da biyar, tara.

Daga nan muka dubi matakan maki. Saba'in zuwa sama A ce, tana da daraja biyar. Sittin zuwa sittin da tara B, huɗu. Hamsin zuwa hamsin da tara C, uku. Arba'in da biyar zuwa arba'in da tara D, biyu. Arba'in zuwa arba'in da huɗu E, ɗaya. Ƙasa da haka faɗuwa ce, sai an maimaita kwas ɗin. Sai Auta ya ce a ɗebe tara daga kowane mataki, abin da ya rage shi ne abin da za ta nema cikin saba'in. Wannan kam ko ni na iya. A tana son 61, B tana son 51, C tana son 41, D tana son 36, tsira daga faɗuwa kuma 31. Muka kalli 61 ɗin nan muka san ba ta kamuwa, domin malamin ba a san shi da sakin maki ba. Amma 41 fa? Ta ce tambaya biyar ake amsawa, kowace maki goma sha huɗu. Ashe in ta riƙe uku da kyau ta ɗan taɓa sauran biyun, C tana hannu. Na ga ta ɗan gyara zama.

Abu na biyu shi ne wanda ya buɗe mini ido. Kwasa-kwasan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne yana da abin da suke kira yunit, wani ɗaya, wani biyu, wani uku, kuma darajar da ɗalibi ya samu sai an ninka ta da yunit ɗin kwas ɗin kafin a tara. B a kwas mai yunit uku goma sha biyu ce, B a mai yunit ɗaya huɗu ce tak. A ƙarshe a tara duka a raba da jimillar yunit.

Suna cikin yi mini bayani na ce su dakata, ai na san wannan. Lokacin da muke buga littafi a takarda, farkon shekarun 2000, in na buga kwafi dubu uku, akwai babban dila guda a wajen Bata da ke kwashe dubu ɗaya da ɗari biyar shi kaɗai, sauran kuma wani ya ɗauki ɗari, wani hamsin. In mai hamsin ya rage mini naira goma a kowane littafi, asarar ɗari biyar ce. In babban ya rage mini naira biyar kacal, dubu bakwai da ɗari biyar sun tafi. Saboda haka tun a wancan lokacin na san wanda ake aika wa gaisuwar sallah da wanda ake yi wa a waya. Shekara da shekaru ina wannan lissafin da ka, ina ciniki da masu ɗab'i a kan rim ɗin takarda da kuɗin bango, ban taɓa sanin shi ne abin da malamin nan mai rula yake ta fama ya koya mini ba.

Muka tara na baya. Ta riga ta yi yunit 120, ta tara maki 414, in an raba shi ne 3.45 ɗin. Zangon ƙarshe yunit 18 ne, jimilla 138 ke nan. Don ta kai 3.50 sai an ninka 138 da uku da rabi, ya ba da 483. A ɗebe 414, saura 69. Wannan ita ce lambar da muka zagaye da biro: 69 daga yunit goma sha takwas.

Na ce ta jero mini kwasa-kwasan da nauyinsu. Akwai uku masu yunit uku-uku, ciki har da mai taran nan. Akwai mai yunit biyu, akwai mai yunit ɗaya. Sai kuma kundin bincike, wato furojet, shi kaɗai yunit shida. Ina jin shida na ɗago kai, domin na gane babban dilan Bata. Na ce, "Ina aka kwana a shi wannan?" Ta yi shiru. Ashe tun kwanciyata asibiti ba ta koma wajen malamin da ke duba ta ba, babi na huɗu ko fara shi ba ta yi ba. Duk darenta ya tafi a kan kwas ɗin da ya ba ta tsoro, ranarta kuma a kan mai yunit ɗaya, saboda tana jin daɗinsa kuma malamar tana yabonta.

Auta ya yi ta jera lambobi muna gwadawa. In ta samu C a mai wuyar, maki tara. In furojet ya zo da B, ashirin da huɗu. Talatin da uku ke nan, saura talatin da shida daga yunit tara da suka rage, wato B a kowannensu. Da ya tara sai ga 69 cif, ba ragi ba ƙari. Sauran kwasa-kwasan kuwa C.A. ɗinta a cikinsu mai kyau ne: a ɗaya tana da 22, B tana neman 38 cikin saba'in, a ɗayan tana da 19, tana neman 41. Sai dai tafiya a kan gaɓa irin wannan ba ta da tabbas, kuskure ɗaya ya isa. Amma in furojet ya tashi daga B zuwa A, maki shida ne a lokaci guda, ninki biyu na abin da za ta samu in ta kashe kanta ta ɗaga mai wuyar daga C zuwa B. Da A a furojet, ko D ta samu a kwas ɗin da take yi wa kuka, za ta haye.

Mun gama wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ta ɗauki takardar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Umma, akwai sauran tuwo?" Maganar dubu tamanin ba wanda ya sake tayar da ita, ban kuma taɓa tambayar sunan mutumin ba.

Saura mako shida jarrabawa. Muka raba kwanakin kamar yadda muka ga nauyin. Safiya bayan asuba, lokacin da kai yake sabo, na furojet ne. Ta koma wajen malaminta ta ba shi haƙuri, ya yi faɗa sosai, amma ya karɓe ta. Ni da ban san komai a fanninta ba na zama mai sauraro, ta riƙa karanta mini babi tana fassara mini da Hausa, duk inda na kasa ganewa sai in ce ta sake, sau da yawa sai ta ce ita ma ashe ba ta gane ba. Kwas mai wuya ta ba shi awa biyu kullum da la'asar, ta tattaro tambayoyin shekarun baya ta zaɓi batutuwan da suka fi maimaituwa ta riƙe su gam. Mai yunit ɗaya kuwa ta bar shi sai ana gobe jarrabawa. Ni kuma na ɗauke mata girki da wanke-wanke, duk da likita ya ce in huta, na kuma dakatar da littafin da nake saki, masu karatu suka yi ta ƙorafi.

Da sakamako ya fito, ba yadda muka tsara ya zo ba. Mai wuyar nan 38 ta samu a jarrabawa, da tara ya zama 47, D ke nan, maki shida. Mai yunit ɗaya da ta yi wa sakaci ya rama, C ya ba ta. Biyun nan masu yunit uku B da B, mai yunit biyu A. Furojet kuwa A. Da aka tara 73, aka haɗa da 414 ya zama 487, aka raba da 138, sai ga 3.53. Na yi sujada a tsakar gida. Abbansu ya sa aka yanka kaji, har yau bai san da zancen dubu tamanin ba, sai in ya karanta wannan.

Farin cikin bai hana ni zama in yi wa kaina hisabi ba. Gaskiya ɗaya ce, ba tsoron Allah ne ya fara tsayar da ni a daren nan ba, tambayar yaro ce da lambar 69. Na fasa ne saboda takarda ta nuna ba a bukata. Na kuma san akwai lokacin da takardar ke ba da wata amsar dabam. Wata 'yar ajinsu da ke kan 3.20 ta zo gidanmu ta ce a yi mata irin wannan lissafin. Yunit ɗinsu ɗaya, 120, makinta 384, tana neman 99 ke nan, alhali ko A ta jera a komai 90 ce iyaka. Ƙofar ta riga ta rufe tun kafin a shiga zangon. Ta yi kuka a ɗakina, na rarrashe ta, daga baya ta natsu ta yi karatunta ba tare da ta kashe kanta a kan abin da ba zai samu ba. Ina kallonta ina tambayar kaina, da tawa ce a wannan matsayin, da kuɗin rufin ɗaki sun kwana a inda suke? Na yi istigfari, ina kan yi, ina kuma roƙon Allah kada Ya sake gwada ni ta wannan ƙofar.

Abin da zan ce wa iyaye 'yan'uwana, musamman irina da karatunmu bai yi nisa ba, kada mu ce wannan harkar 'yan boko ce mu nade hannu. Tarawa ce da ɗebewa da ninkawa da rabawa, duk macen da ta taɓa riƙe adashi ko ta sayar da ƙuli ta fi ƙarfinsa. Ku tambayi yaranku abu uku tun farkon zango: kowane kwas yunit nawa ne, maki nawa aka riga aka samu, nawa ake nema a babbar jarrabawa. Ku kuma sa su duba littafin ƙa'idojin makarantarsu, domin tsarin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wasu arba'in da sittin suke rabawa maimakon talatin da saba'in, kwalejojin kimiyya da fasaha kuma a kan huɗu suke aunawa ba biyar ba.

Ɗalibai kuma, ku fara wannan lissafin tun kuna aji ɗaya. A lokacin yunit ɗinku kaɗan ne, zango guda mai kyau yana iya ɗaga ku sama sosai. In an tara yunit sama da ɗari kuwa, abin ya yi nauyi, da ƙyar yake motsi. Ita tawa da za ta jera A a komai a zangon ƙarshe, daga 3.45 iyakarta 3.65. Kuma in wani abu ya same ku, ciwo ko jinya ko rasuwa, ku sanar da malaminku a rubuce da wuri, ku gaya wa iyayenku. Da ta faɗa mini a asibiti, da ko da rarrafe ne na kore ta ta je ta yi gwajin nan.

Takardar da muka yi lissafin a bayanta tana nan na adana ta cikin akwatina. Gabanta wani babi ne na tsohon littafina inda jaruma ke ƙin karɓar toshiya, bayanta kuma lambobin Auta da zagayen da muka yi wa 69. Rufin ɗaki an gyara shi kafin damina. Shi Auta yanzu ya sa ni gaba, wai tunda na gane yunit to sai ya koya mini aljabara, in sake zama jarrabawar da na faɗi a 1999. Na ce masa ya bari in gama littafin da masu karatu ke bina bashi tukuna.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu jarrabawa sa'a, Ya tsare mu daga haram ko da ta zo mana da fuskar tausayi. Malamin lissafinmu kuma, in yana raye Allah Ya ƙara masa lafiya, in ya riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansa, ya yafe mini zaman bencin baya.